Lasifika Shida a Tsakar Gidan Barraza

Duk wanda aka yi wa baftisma ko aure ko bikin cika shekara goma sha biyar a Ponedera cikin 'yan shekarun nan, to ya bi ta hannun Ludis Barraza, ko ya sani ko bai sani ba. Ita ce mai haɗa bidiyon garinmu. Shagonta ɗakin gaba ne na gidan ubanta, mai taga ɗaya da ke kallon hanyar kogi, da fanka mai kukan tsufa, da kwamfutar da take lulluɓewa da zanen tebur in za ta fita. Mace ce gajeriya mai faɗin murya, ta haura arba'in, ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma da niyyar koyo. In amarya ta ce a rage mata ƙiba a hoto, sai Ludis ta ce ita bidiyo take yankawa, ba mahauciya ba ce. Amma in kawun ango ya sha ya yi tatul ya zauna cikin tukunyar romo, za ta cire wurin ba tare da an roƙe ta ba, ta kuma ajiye wa kanta kwafi don ranar da ranta ya ɓaci.

Ubanta Anatolio makaɗin kumbiya ne, wato kiɗa da rawar gargajiyar yankinmu, shi ke riƙe da gangar da muke kira alegre, wadda ke yi wa mai rawa magana yayin da sauran gangunan ke riƙe da lokaci. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma Ludis rabin gudun ta gada. Hannunta bai taɓa shiri da fatar ganga ba, kunnen kawai ta ɗauko. Tun tana ƙarama, tana kwance a ɗaki za ta faɗa maka wanda ya shigo gidan daga yadda ya turo ƙyaure. Uwarta ta tura ta birnin Barranquilla koyon ɗinki wajen wata gwaggo, sai aka yi rashin sa'a, ko kuwa sa'a, jikin shagon ɗinkin akwai wani mai ɗaukar bidiyon biki. Ta dawo gida ko maɓalli ba ta iya sawa ba, amma ta iya yanka hoto da jona shi yadda ba ka ganin bakin ɗinkin. Uwar ta ɗauke mata wuta, har sai ranar da ta ga kanta a talabijin cikin rigar zuwa coci tana tafiya kamar matar gwamna. Daga nan ta shiga gaya wa maƙwabta cewa dama ita ta san yarinyar za ta yi abin kai.

Mijinta Wilfrido kuwa faɗa ne ya haɗa su. Shi ke ƙera akwatunan lasifika na motocin haya da na gidajen rawa, kuma wani akwatinsa ne ya yi ta ƙugi a wani biki har ya ɓata mata ɗauka. Ta je har rumfarsa ta wanke shi tas a gaban masu jiran gyara. Shi kuwa, mutum ne dogo mai sanyin hali, ya bari sai da ta gaji, sannan ya ce gaskiyarta ne, kuma bai taɓa ganin wanda ya ji wannan ƙugin ba sai shi da ita, ko za ta sha kofi? Ta sha. Har yau in suna gardama, ba kan cefane ba ne ko dangi, kan waya ce da aka jona ba daidai ba.

Zancen lasifika shida ya shigo rayuwarta ne ta hanyar girman kai, ba na ɓoye mata. Wani ƙaramin gidan nuna fim a Barranquilla ya nemi ta haɗa masa ɗan gajeren fim a kan masuntan kogi, aka tambaye ta ko ta iya sauti mai kewaye. Ta ce ai wannan abincinta ne. Ta dawo gida ta zauna gaban kwamfuta ba ta san ma mene ne ba. Abin dai shi ne, maimakon sauti ya fito ta lasifika biyu, sai a raba shi shida: ɗaya a gaba ta hagu, ɗaya ta dama, ɗaya a tsakiya don maganar mutane, biyu a bayan mai kallo, sai wata ƙatuwa a ƙasa da ba ta san komai ba sai rugugin da kake ji a ciki. Kowace da fayil ɗinta, kowane fayil da layinsa a cikin manhajar. Karon farko ta zuba su duka, manhajar ta murƙushe su ta mayar biyu ba ko sallama, domin ba a gaya mata tun farkon aiki cewa shida ake so ba. Karo na biyu maganar masunta ta faɗa cikin ƙatuwar lasifikar, suka koma gurnani kamar shanu a rijiya. Ludis ta zagi kwamfutar, ta zagi wanda ya ƙera ta, ta sake daga farko.

Da ta gane kan abin kuwa sai ta kamu. Akwai wani ɗan akwati a gefen allo mai ɗigo a tsakiya, duk inda ka ja ɗigon nan can sautin zai koma. Ta ja shi baya, kwalekwale ya wuce ta ƙeyarta har ta waiga. Ta yi dariya ita kaɗai har Wilfrido ya leƙo ko lafiya. Shi ya ƙera mata akwatuna shida da ragowar katako, ya shafa musu shuɗin fenti irin na motar haya, suka jera su a shago ba wurin taka ƙafa. Fim ɗin masunta ya tafi, aka yaba. A Ponedera kuwa ba wanda ke da lasifika shida a falo, don haka aikin bai ƙara mata ko kwano ɗaya na shinkafa ba. Ita dai tana jin daɗinsa, kuma ba ta ba kowa haƙuri kan hakan.

Abin da ke hana ta jin daɗin sosai yana zaune a tsakar gida a kujera mai lilo. Bayan rasuwar uwarta idanun Anatolio suka fara dushewa, har suka tafi gaba ɗaya. Lafiyarsa lau, yana cin dafaffen rogonsa da cuku, yana shan kofinsa, amma ya rataye ganga ya ce shi da kiɗa sai a lahira. Hujjarsa ita ce mai alegre ba don kansa yake kiɗa ba. Makaɗa na zaune a tsakiyar fili, masu rawa na kewaya su da kyandir a hannu, shi kuma idonsa na kan ƙafar mai rawa, yana ba ta amsa daidai lokacin da ta ja ta. Wanda ba ya gani, in ji shi, me zai amsa? Ya fi son a ce ya bari da a ce ya lalace. Bikin gari ya zo ya wuce bai leƙa ba, aka ɗauko wani saurayi daga garin Sabanagrande ya zauna a kujerarsa.

Abokinsa Nemesio mai busa sarewa, wanda suka tashi tare tun suna satar mangwaro, shi ya zo wata ranar Lahadi da maganar da ba ta da daɗi. Ya ce 'yan ƙungiyar makaɗa sun yi haƙuri iya haƙuri, in bikin bana ya zo Anatolio bai fito ba, za a ba saurayin kujerar dindindin, a kuma nemi gangar ma a ba shi, tun da ta ƙungiya ce. Anatolio ya ce su ɗauka yau ma in suna so. Ludis na jin su daga shago, ta kuma ji abin da Nemesio bai ji ba, wato yadda muryar ubanta ta karye a ƙarshen maganar. Ta san in gangar nan ta fita daga gidan, tsohon ba zai ƙara tashi daga kujerar lilo ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Tana da abu ɗaya a hannu. A bikin bara ta ɗauki rawar gaba ɗaya don jin daɗin kanta, ta maƙala wa kowane makaɗi makirfo, ta kuma kafa huɗu a kusurwoyin fili, ƙasa-ƙasa kusa da turɓaya. Hoton ba zai yi wa makaho amfani ba, amma sautin fa? Ta yi tunanin in ya ji abin da ya rasa, kwaɗayi zai tayar da shi. Ta zauna ta haɗa shi yadda ake koyarwa, yadda kowane mai wannan sana'a zai yi ko a mafarki: makaɗa a gaba, jama'a da hayaniyarsu a baya. Ranar Asabar da la'asar Wilfrido ya kwaso akwatunan ya jera su a tsakar gida kewaye da kujerar lilo, aka kori kaji, aka gayyato Nemesio, aka ɗora romon kifi.

Tsohon ya saurara, hannuwansa a kan ciki. Bai daɗe ba ya ɗaga hannu a tsayar.

"Ya yi kyau, 'yar nan," ya ce. "Kin zaunar da ni a bencin 'yan kallo. Ashe haka kuke jin ta daga waje. Na gode, yanzu na san wurina."

Ya lallaɓa bango ya shige ɗaki. Romon ranar Nemesio da Wilfrido ne suka sha shi, Ludis ko cokali ba ta ɗaga ba. Ta so gyara ne ta ɓige da gyaran gangar auzinawa, ta ƙara ɓarna, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiyarsa ce. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a tsakiyar da'ira, kiɗa bai taɓa zuwa masa daga gaba ba. Ta ɗauko ƙa'idar gidan sinima ta ɗora wa kumbiya, alhali a cikinta aka haife ta.

Washegari ta tare Nemesio a bakin kasuwar kifi, ta ce ya zana mata a ƙasa yadda suke zama. Ya ce ita da take ɗaukar su kowace shekara ba ta sani ba? Ta ce ita ta cikin kyamara take ganinsu, Kawu ya daina surutu ya zana. Ya tsuguna da ƙyar ya zana da tsinke: babbar ganga a bayan Anatolio ta dama, ƙaramar ganga mai riƙe lokaci a hagunsa har gwiwarsu na gogayya, mai caki a tsaye a ƙeyarsa, shi Nemesio da sarewa a gabansa, yana ta fesa masa miyau tun suna samari. Masu rawa kuwa su ɓullo ta damarsa, su gifta gabansa zuwa hagu, su zaga ta bayansa su koma dama. Ba a taɓa juyawa ba, ba a kuma ratsa tsakiya, ko yaron goye ya san wannan.

Ta koma ta rushe aikin gaba ɗaya. Ta kama ɗigon kowace ganga ta ja shi wurin da Nemesio ya zana. Ta ɗaga sautin makirfo huɗun nan na ƙasa, waɗanda a da ta danne don ta ɗauka shara ce, sai ga jan ƙafafu a turɓaya ya fito, shuu, shuu, har da na Tiburcia mai sayar da soyayyen kifi, wadda takalminta ɗaya ya saki yana ɗan tafi a dunduniya. Sannan ta yi abin da ta daɗe tana shakkar yi. Ta je layin alegren da saurayin Sabanagrande ya kaɗa, ta kashe sautin ɗungurungum. Kiɗan ya zama kamar miya ba gishiri, komai na nan amma da rami a tsakiya. A shagon nan mai cunkoso akwatunan na kan juna, ba ta iya tantance baya da gaba sosai, ga gajiya, ga biki ya matso. Ta fitar da fayilolin shida ta ce Allah ya sa a dace.

Shawo kan tsohon ya sake zama ya fi aikin wuya. Ƙarshe Wilfrido ne ya yi dabara, bai roƙe shi ba, ya jera akwatunan kawai kewaye da shi yana gyangyaɗin bayan cin abincin rana. Ludis ta fito da kwamfuta ta ɗora a kan turmi da aka kife, Nemesio ya rakuɓe a gindin mangwaro. Ta danna.

Sarewa ta fara daga gabansa, ƙaramar ganga ta shigo ta hagu. Anatolio ya buɗe idanun da ba sa gani, kujera ta daina lilo. Babbar ganga ta daki ƙasa ta bayansa har kofin kofi ya motsa. Ludis ta ga yatsunsa sun ɗan tashi daga ciki a daidai wurin da alegre ya kamata ta shigo, suka tsaya a iska, suka koma. Bai ce a kashe ba, sai dai fuskarsa ta yi ta ɓaci a hankali, yana karkata kai hagu da dama kamar mai korar sauro. Can sai ya daki hannun kujera.

"Wane irin iskanci ne wannan? Nemesio, kana wurin aka yi wannan?"

"Me aka yi kuma, tsohon rigima?"

"Tiburcia mana. Ta wuce gabana lafiya lau zuwa hagu, sai ta ratsa ta tsakiyar kaina ta faɗo baya ta dama, tana tafiya da baya-baya. Ga ta nan ma ta sake. Tun da aka kafa garin nan wa ya taɓa ratsa makaɗa? Shekara ɗaya kawai na yi ba na nan kuka mai da fili kasuwar awaki?"

Nemesio ya rantse ba wanda ya ratsa kowa. Ludis ta juya kan mijinta ta ce shi ne ya sauya wayoyin baya, dama ta san za a rina. Wilfrido ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, ya ce nasa daidai suke, uwargida ta duba gonarta. Ta duba. Fayilolin baya guda biyu ta musanya, na hagu a layin dama, na dama a layin hagu, domin manhajar lamba kawai take sa musu, ba suna. Murmushin da Wilfrido ya yi ya isa a kai shi ƙara.

Tana cikin jan fayilolin zuwa wurinsu sai hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dubi ubanta.

"Baba, wa ya gaya maka Tiburcia ce?"

"Wa zai gaya mini? Ba ga takalminta nan ba."

"Mutum nawa ne a filin, Baba? Ƙafa nawa? A cikinsu ka tsamo ta, ka bi ta, ka kuma san inda ta kauce. Ni da Kawu muna da ido huɗu ba mu ji komai ba."

Tsohon ya buɗe baki zai yi gardama, domin gardama a jininsu take. Nemesio ya riga shi da dariya, yana cewa dama shi ya daɗe da sanin rabin lokacin da Anatolio ke kiɗa idonsa a rufe yake, sauran rabin kuma ba ƙafar matan yake kallo ba. Anatolio ya ce masa tsohon banza. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, a sake sa abin, a gyara matar nan ta bi hanya.

Ta sake dannawa. Wannan karon Tiburcia ta zaga yadda Allah ya yi ta, kan tsohon na binta a hankali. Zagaye na biyu ya fara buga hannun kujera. Na uku ya ce katako ba ya magana, wai mutanen gidan nan ba su da kunya ne, suna kallon dattijo yana dukan kujera ga ganga a rataye? Wilfrido ya kusa karya ƙafa wajen ɗauko ta. Fatar ta saki, hannun ya yi nauyi, bugun farko bai yi daɗi ba ko kaɗan, kuma Nemesio bai fasa gaya masa ba. Amma ramin nan na tsakiyar kiɗa ya cike, maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Kafin rana ta faɗi Tiburcia da kanta ta iso da warin kifi a jikinta, tana tambayar wane ne ke yawo da sunanta.

Daga ranar tsakar gidan Barraza ta zama wurin gwaji. Kullum da la'asar a jera akwatuna, Ludis ta rage sautin ƙafafu kaɗan-kaɗan ba tare da ta gaya masa ba, ta ƙara hayaniyar jama'a, don fili ba zai yi masa sauƙi irin na gida ba. Yana ganewa, ya ce mata munafuka, ya ci gaba da bugu. An ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, to a nan makaɗin ne ya canza, kiɗan na nan yadda yake.

Ranar biki, rana na shirin faɗawa kogi, Nemesio ya riƙo hannunsa suka ratsa jama'a zuwa tsakiya, farar riga, jan ƙyalle a wuya, malafa a ka. Saurayin Sabanagrande, yaron kirki ne, ya miƙe ya gyara masa kujera ya koma kan caki. Ludis na gefe da kyamara. Aka kunna kyandirori, sarewa ta kira, gangunan biyu suka amsa, mata suka fara jan ƙafa. Anatolio bai buga ba. Ya sunkuyar da kai, hannuwa a kan fata, da'ira ta yi zagaye guda cur ba alegre, har mutane suka fara kallon juna. Sai wata mata ta gifta gabansa ta ja ƙafa, ya ba ta amsa daidai kan jan, tas, ta juyo ta baza faffaɗan siket ɗinta na rawa tana dariya, fili ya ɗauki sowa.

Ludis ta tura wa Wilfrido kyamara, ta fizgi kyandir daga hannun wata, ta faɗa cikin da'ira ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Ta gifta gabansa. Ta zaga ta bayansa, tana tsakanin mata fiye da yadda za a ƙirga, sai ta ji muryarsa ta haye kiɗan, bai ko juyo ba.

"Wace ce wannan take taku kamar mai kashe kyankyaso? Ludis, ja ƙafa ake yi, ba a ɗagawa. Ki ja, 'yar nan, ina tare da ke."

Duk wanda ke kusa ya fashe da dariya, ita ma tana yi, hawaye na zuba, kakin kyandir na ɗiga mata a hannu ba ta ko ji. Daɗi ne ya cika ta har ba ta san inda za ta sa shi ba. Ta ja ƙafar yadda ya ce, gangar ubanta ta amsa mata.